Gishirin Dutse Mai Aman Wuta da Hannun Yayana

Alhamis: fita daga Ƙaura

Ana kiran assalatu na fito daga gidana da ke bayan tashar jirgin ƙasa a Ƙaura Namoda, ko kunu ban tsaya ɗumamawa ba. Maigidana ya rako ni bakin titi da tocila, ya damƙa ni a hannun Kawu Bawa, ƙanin mahaifiyarmu, tsohon ma'aikacin reluwe wanda ya yi ritaya amma bakinsa bai yi ba. A farkon shekarun shari'a ne a Zamfara, damina ta kusa ƙarewa, gero ya fid da kai.

Sunana Rabi, ina koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata. Abin da ya tayar da ni kuwa, yayana Lawali ne, magini a ƙauyenmu da ke hayin gulbi, gaba da Gurbin Ɓore. Ran Laraba Kawu ya zo mini da labarin an tsare shi a gidan mai gari bisa zargin sata. Maƙerin fari na ƙauyenmu, Baba Ɗanjimma, mai ƙera zobba da awarwaro da liƙin butar tagulla, ya rasu a asibiti a Sakkwato da bazara. Kafin ya cika ya gaya wa 'ya'yansa cewa ya binne wani dutse da ya gada wurin ubansa a cikin tukunya, a ƙasan ɗakinsa wajen kan gado, kuma Lawali ne ya haƙa masa ramin. Da matarsa ta fita takaba aka zo rabon gado, aka fasa ƙasa, aka sami tukunya da murfinta, aka sami ƙyalle a ɗaure, amma babu dutse.

Lokacin ana ta zazzaɓin haƙar duwatsu masu tsada, kowa ya tsinci tsakuwa mai ƙyalli sai ya fara mafarkin mota. Sahabi, babban ɗan marigayin, ya rantse dutsen ubansa ya fi bajimin sa daraja. Mai gari ya ce ran Juma'a bayan masallaci zai saurari kowa, in ba a warware ba ya miƙa Lawali kotu.

Ni na san dutsen. Ina yarinya nakan tsaya a ƙofar maƙera in ga Baba Ɗanjimma ya ɓantari ɗan kaɗan ya barbaɗa a kan tagulla mai zafi, farin hayaƙi ya tashi, dalma ta kama. Shi sinadari yake ce masa. Sai da na yi karatu na gane wani gishiri ne da ke taruwa a bakin ramukan hayaƙi na dutse mai aman wuta, kuma ruwa na narkar da shi fiye da yadda yake narkar da sukari. Kwalbar irinsa ta makarantarmu ta daɗe da ƙarewa, ko da ma akwai, garin masana'anta ne, babu wanda zai yarda shi ne dutsen maƙeri. Dole in samo curi na ainihi, kuma in akwai shi a ƙasar nan, to a kasuwar Shinkafi yake.

A tasha an ware mata a kujerar baya, maza a gaba. Mu uku ne kacal mata, direba ya ce ba zai tashi ba sai kujerar baya ta cika. Na zauna ina kallon gari na wayewa. Kawu ya juyo daga gaba.

"Ke dai kwantar da hankalinki, Malama. Shari'a ba ta yanke hannu da zato. Sai shedu sun gani da idonsu, ko mutum ya amsa da bakinai."

"Kawu, abin da nike tsoro ke nan. Ka san Yaya."

Lawali mutum ne da in an taru a kansa ana ɗaga murya zai ce e don kowa ya huta. Tun muna yara yake karɓar dukan laifin da bai yi ba. Ga shi kuma kowa ya ji an yanke hannu a wani gari, zancen yana bakin kowa har a wurin ɗiban ruwa. Sai da wasu Fulani mata biyu suka zo da ƙoren nono motar ta cika, muka kama hanyar Shinkafi ta Moriki rana ta riga ta fito.

Shinkafi

Da hantsi muka sauka. Wanda bai taɓa ganin kasuwar Shinkafi ran Alhamis ba, kada ya ce ya ga cunkoso. Raƙuma, shanu, buhunan gero, kantun gishirin Bilma, dabino, masu canjin sefa, Buzaye da rawunansu. Na riƙe gefen rigar Kawu kamar yarinya, muka kutsa rumfunan 'yan koli.

Na farko ya miƙo mini alam. Na biyu ya kawo kanwa ungurnu yana rantsuwa ita ce. Wani kuwa farin dutsen ƙanƙara ya ɗauko, ya ce daga Makka aka zo da shi. Kowanne sai in karce shi da farce in ɗora a harshe, domin abin da nake nema laushi gare shi, farce na cinsa, kuma gishirinsa na da wani yaji mai sukar harshe. Kawu ya ce in na ci gaba haka zan lashe kasuwar kafin azahar. Ban yi dariya ba, na ce masa ya bar ni da abin da ke damuna.

Wani mai sayar da linzami ne ya ce mu wuce kasuwar raƙuma, mu nemi wani Batube mai suna Barkai, mutumin arewacin Cadi, mai kawo dabino da magunguna ta Agadas. Muka same shi zaune a gindin wata babbar mota, siriri, baƙi, idonsa kamar bai taɓa mamakin kome ba. Da na kwatanta masa abin da nake so, ya dube ni, ya dubi Kawu.

"Matar maƙeri ce?"

"Malamar makaranta ta," in ji Kawu. "Ta fi matar maƙeri rigima."

Barkai ya shiga motar, ya fito da gwangwanin madara. A ciki akwai jakar fata, a cikin jakar akwai curi fari mai ɗan duhu-duhu, gefe guda da ratsin rawaya. Na karce, farce ya ci. Na ɗora a harshe, sai da hawaye ya zo mini, rabi don yajin, rabi don na san shi ne.

"Mu nushadar muke ce masa," in ji shi da Hausarsa ta Agadas. "Ba haƙa shi ake ba. A ƙasarmu akwai dutse mai numfashi. Ramuka gare shi, hayaƙi mai zafi na fita dare da rana, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙasan wurin in ka daɗe tsaye takalminka zai narke. A bakin ramin abin ke taruwa, kamar yadda baƙi ke taruwa a gindin tukunya, sai dai shi fari ne. Wannan rawayar farar wuta ce ta haɗu da shi. Mukan ɗaure hanci da rawani, mu jera duwatsu a bakin ramin, mu tafi. In mun dawo mu kankare abin da ya kama."

Ni ban je ƙasarsu ba, amma abin da ya faɗa ya zo daidai da abin da na karanta. Gishirin daga hayaƙi yake sauka kai tsaye ya daskare, bai taɓa zama ruwa ba. In ka ɗora shi a wuta kuma ba ya narkewa, hayaƙi yake komawa. Ana samunsa ma inda gawayin ƙarƙashin ƙasa ya kama da wuta. Na tambaye shi me ya sa yake wuyar samu haka.

"Ramuka da yawa ba su yinsa sam. Masu yi kuma, ruwa ɗaya in ya sauka, babu. Don haka sai ƙasar da sama ke mantawa da ita."

Kawu, ba a tambaye shi ba, ya kwashe labarin Lawali kaf ya faɗa masa. Barkai ya sa wuƙa ya ɓallo mini kamar ƙwan agwagwa, muka daidaita ba tare da ya wahalar da ni ba. Ya naɗe a leda, ya sa a wani ƙaramin gwangwani, ya danne murfin da tafin hannu. Har mun juya ya kira ni.

"Malama, ɗakin yana yoyo?"

Kawu ne ya amsa. "Soro na. Lawali da kainai yag gina shi, ko ɗigo bai yi."

"Tukunyar a bushe aka same ta?"

"Ƙayau."

Barkai ya girgiza kai. "To ban san abin da za ki faɗa musu ba."

Na zo ne in nuna ruwa na iya ɗauke dutsen, ban san ta inda ruwan ya shiga ba. Muka ci waina a tsaye, ban ji ɗanɗanonta ba.

Shinge kafin Moriki

Bayan azahar muka sami mota mai komawa. Niyyarmu mu kai Zurmi da la'asar, mu wuce ƙauye mu kwana, in ga tukunyar da idona kafin zama. Kafin Moriki muka iske shinge, 'yan sanda da 'yan sa-kai masu binciken giya. Aka sauke kowa. Wani sajan, ba Bahaushe ba amma yana jin Hausa, ya ce in buɗe jaka. Ya ɗauko gwangwanin, ya warware ledar, fuskarsa ta canza.

"Mene ne wannan?"

Kafin in buɗe baki Kawu ya riga ni. "Abin tsada na, ranka shi daɗe. Daga Cadi anka shigo da shi ta Nijar. In ka sa mai wuta hayaƙi yake yi."

Da zan iya dukan kawuna, da ran nan na yi. Sajan ya kira abokinsa, na ji ana ambaton hodar iblis. Aka ce mu koma gefe mu zauna, aka ce direba ya sauke kayanmu ya tafi. Matan da muka zauna tare suka riƙa kallona ta taga kamar sun ga mayya. Direban, Allah ya saka masa, ya ce zai ɗan jira.

Na yi bayani, na faɗi aikina, na faɗi sunan abin da Turanci. Sajan ya ce duk wanda aka kama malami yake zama. Ya ce za a kai mu ofis a Ƙaura, a aika abin Gusau a gwada, sakamako ya fito ranar da ya fito. Na tuna gobe Juma'a, na tuna Lawali a tsakiyar taro shi kaɗai, sai na ji muryata ta tashi ba da izinina ba.

"Yallaɓai, ga mai shayi can da garwashi. Ka ba ni dama in nuna maka aikin abin nan. In ƙarya nake, ka kai ni inda za ka kai ni."

Ɗaya daga cikin 'yan sa-kan, dattijo mai furfura, ya ce a bari a gani, ba a tsare mace a titi kan abin da ba a tabbatar ba. Kawu yana da tsohon kwabo mai huji a jikin makullansa, ya yi baƙi ƙirin. Na ciro shi, mai shayi ya ba ni cokali, na ɗora kwabon a garwashi har ya yi zafi sosai. Na karce ɗan gishirin na barbaɗa. Farin hayaƙi ya tashi, kowa ya ja baya. Da ya wuce, inda garin ya taɓa ya koma ja wur yana ƙyalli kamar sabo.

"Aikinsa ke nan," na ce. "Yana cinye dattin tagulla don dalma ta kama. Maƙera ke amfani da shi."

Dattijon ya ce lalle ya taɓa ganin haka wurin masu liƙi. Sajan ya juya kwabon, ya juya. Daga ƙarshe ya ce mu tafi, amma zai riƙe wani abu don bincike. Ya sa gindin wuƙa ya fasa curin, ya ɗauki babban, ya bar mini kamar ƙwayar goro. Ban yi gardama ba. La'asar ta riga ta wuce, direba na ta danna hon. A mota Kawu ya fara cewa ai gaskiya ya faɗa, na ce masa don Allah daga nan har Zurmi kada ya sake faɗin wata gaskiyar.

Zurmi da gulbi

Sai da muka koma mararrabar Ƙaura muka canza mota, muka shiga Zurmi ana kiran magariba. Motocin Gurbin Ɓore sun ƙare. Muka sauka gidan wani abokin Kawu kusa da kasuwa, matarsa ta ba ni tuwon gero da miyar kuka da man shanu, ta shimfiɗa mini tabarma a ɗakinta. Na sa gwangwanin a ƙarƙashin matashi. Kafin gari ya waye aka tafka ruwa irin na ban kwanan damina.

Da safe muka hau a-kori-kura zuwa Gurbin Ɓore, ni a gaba kusa da wata tsohuwa, Kawu a baya kan buhunan gishiri. Daga nan hanyar ƙauyenmu ta ƙasa ce. 'Yan kabu-kabu suna nan jere, amma babu wanda ya yarda ya ɗauke ni.

"Hajiya, ki yi haƙuri. An hana mu ɗaukar mata. In anka gan ni, babur ɗina za a amshe."

Kawu ya ce shi zai tuƙa ni da kansa, alhali bai taɓa hawa ko keke ba. Muna cikin haka wani Bafillace ya zo da amalanken shanu zai je bakin gulbi ɗaukar itace, ya ce mu hau. Shanun suna tafiya kamar masu zuwa zance, rana na ɗagawa, ni ina duban inuwa tana gajarcewa.

Gulbi ya cika har ya taɓa gonakin bakinsa, ruwan ja, yana tafe da rassa. Kwalekwale ɗaya ne, yana shan ruwa ta ƙasa, mai fito na tuƙi da hannu ɗaya yana kwalfewa da ƙwarya da ɗayan. Na ɗora gwangwanin a tsakiyar kaina, na ɗaure da ɗankwali, na mayar da hijabi. A tsakiya wani reshe ya bugi jirgin, ya karkata, ruwa ya shigo ya jiƙa ni har ƙugu. Kowa na salati, ni hannuwana biyu na kan kaina. Mai fito ya daka mini tsawa in riƙe jirgi, ban saki ba. Da muka taka tudu na buɗe, ledar a bushe take. Daga nesa muna jin liman ya kusa gama huɗuba.

Zauren mai gari

Bayan an sauko masallaci zauren ya cika. Aka ba ni wuri a bakin ƙofar ciki, inda mata ke tsaye bayan labule suna saurare. Lawali na zaune a tsakiya, kansa a ƙasa, ya rame. A gabansa aka ajiye tukunyar da ƙyallen. Sahabi ya yi magana da zafi, ya ce mutum biyu ne suka san wurin tun ran da aka binne, ɗaya yana kabari. Wasu dattawa suka shiga cewa Lawali ya faɗi gaskiya a rufa masa asiri. Na ga leɓensa na motsi, na san wannan motsin tun muna yara.

"Yaya, kada ka ce komi!"

Kowa ya juyo, don mace ba ta ɗaga murya a nan. Kawu ya yi maza ya nemi afuwa, ya ce ɗiyarsa ta zo da abin nunawa daga Shinkafi. Mai gari ya ba da izini. Na miƙa ɗan curin, aka zagaya da shi. Tsofaffi biyu da suka san maƙerar suka ce irinsa ne, Sahabi ma bai musa ba. Na ɓantari rabi, na ce a kawo ruwa a ƙoƙo, na jefa. Kafin a gama miƙa wuya a leƙa, babu shi. Na ce ba lu'ulu'u ba ne, gishirin dutse mai aman wuta ne, maƙeri kawai yake yi wa amfani, kuma ruwa na tafiya da shi.

Sahabi ya yi murmushin da ban so ba.

"Mun gani, Malama. To ina ruwan? Ɗakin soro na, yayanki yag gina. Damina duka ko ɗigo bai shiga ba. Tukunya ga ta nan, a bushe munka ishe ta. Ko ruwan ma shi yak kai?"

Mai gari ya dube ni, ya jira, sannan ya gyara zama irin na mai shirin yanke magana. Don in ja lokaci kawai na ce a miƙo mini ƙyallen. Ƙullinsa na nan yadda aka ɗaure. Ya yi tauri kamar an sa masa sitaci, launinsa ja-ja mai duhu.

"Yaya, wane kala ƙyallen yake da kunka binne?"

Ya ɗago kai karo na farko. "Fari na. Sabon alawayyo."

Na kai shi hanci. Duk macen da ta tashi a ƙauye ta san wannan warin, ta san wannan launin, don ya sha ɓata mana zane da farce. Makuba ce, ruwan ɓawon ɗorawa da mata ke yayyafawa in ana daɓe, ana dukan ƙasa da maɗabi har ta yi santsi.

"Ranka shi daɗe, an yi daɓe a ɗakin bayan an binne tukunyar?"

Maza suka dubi juna. Daɓe aikin mata ne, ranar da ake yinsa namiji ko ƙofar gida ba ya tsayawa. Lawali ya ce shi dai ya mayar da ƙasa ya daddanna, kashegari ya tafi aiki Gusau. Sahabi ya ce su suna Sakkwato wurin jinya. Sai wata murya ta fito daga bayan labule, dab da kafaɗata.

"Ni nis sa anka yi."

Inna Kulu ce, matar marigayin, uwar Sahabi. Ba ta shigo ba, daga inda take ta yi magana.

"Da anka tahi da shi asibiti, nic ce in gyara mai ɗaki, shi dawo shi ishe shi awa na ango. Nit tara mata, munka yi kwanaki muna daɓe. Ko'ina ya kama, sai wuri guda wajen kan gado. In munka zuba ruwa sai shi shanye, ƙasa ta lotsa. Mu ƙara ƙasa, mu ƙara makuba, shi shanye. Mata sunka gaji sunka tahi gida. Ni kaɗai niz zauna ina zuba mai, tulu bayan tulu, ina faɗin wurin ga ya ƙi ƙoshi. Bai taɓa gaya min ya aje komi nan ba."

Mai gari ya ce yana so ya gani da ido. Aka je aka ɗebo ƙasar gindin ramin, na jiƙa ta a ƙwarya, na tace da tsumma, aka ɗora ruwan a kasko kan wuta. Muna zaune har ya ƙafe. A gindin kaskon wani ɓawo ya kwanta, fari mai jirwayen makuba. Na kankaro, na barbaɗa a kan wata tsohuwar butar tagulla ta marigayin da aka gasa a garwashi. Farin hayaƙi ya tashi, wurin ya yi ja. Sahabi ya sa yatsa a kaskon ya kai harshe, ya runtse ido. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya cire hula, ya ja gwiwa har gaban Lawali.

"Na zalunce ka. Ka yahe min don Allah."

Lawali ya ce babu kome, da sauri, yadda ya saba. Ni dai ban yafe a ranar ba, sai daga baya.

Da taro ya watse Inna Kulu ta riƙe hijabina a soron ciki.

"Rabi, ki hwaɗa min gaskiya. Da ban zuba ruwan ba, da yana nan?"

Na so in ce damina ma za ta iya, amma ta ji da kunnenta ɗakin ba ya yoyo. Na ce, "Da yana nan, Inna." Ta gyaɗa kai. Na ba ta ragowar curin da ke cikin gwangwani, ta ƙulle a bakin mayafinta, ta shige ciki.

Asabar: komawa gida

Mun kwana a gidan Lawali, matarsa ta yanka mana kaza. Da safe ya rako mu bakin gulbi yana ɗauke da jakata. Ruwan ya ɗan janye. Muna jiran mai fito, Kawu ya yi gaba yana ba wasu Fulani labarin yadda ya shawo kan sajan, sai na lura Yaya ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalminsa da hannu ɗaya, na hagu, yana taimakawa da haƙori.

"Yaya, mi kake yi haka?"

Ya dubi hannunsa na dama da ke rataye a gefe kamar ya manta da shi, ya yi 'yar dariyar kunya.

"Sabo na. Tun randa anka tsare ni nike koyo. Ɗaurin wando, alwala, riƙon cokalin gini. Nic ce gara in iya tun da wuri."

Na juya fuskata wajen gulbi, na yi kukan da na riƙe tun ran Laraba. Bai ce mini in yi shiru ba.

Daga hayi muka sami amalanke, daga Gurbin Ɓore a-kori-kura, daga Zurmi mota zuwa Ƙaura, babu wanda ya tsayar da mu ko sau ɗaya. Na shiga gida bayan la'asar, zanena da jirwayen ruwan gulbi, yara suka rugo suna tambayar tsaraba, ban kawo musu ko dabino ba. Ina godiya ga Barkai, da direban da ya jira, da dattijon shinge, da Bafillacen amalanke, da Inna Kulu da ta yi magana alhali da ta yi shiru babu mai sani, har da Kawu Bawa da bakinsa. Godiya ta ƙarshe ga Allah, wanda ya dawo da ni gida lafiya, ya kuma bar wa yayana hannun da yake ciyar da iyalinsa da shi.